Daga lakwal zuwa kwaleji: yara nawa ne ke tsallake ƙofa?

Kowace shekara, in kaka ta yi, ana buɗe makarantu. A lokacin ne ake ganin wasu yara da ƙunshin kaya da ɗan buhun hatsi suna jiran mota a bakin hanya. Sun gama lakwal, za su kwaleji. Wasu kuma da suka zauna aji ɗaya da su suna nan gari. Wani ya koma gona, wani ya tafi bida, wata an fara maganar aurenta. Shekara shida suka yi tare, amma a wannan ƙofa suka rabu.

Darasin yau kan wannan ƙofa yake. Yara nawa ne ke tsallake ta a Nijar? Nawa ne a wasu ƙasashe? Mi ya sa a wata ƙasa kusan kowane yaro ke wucewa, a wata kuma da yawa ke tsayawa?

Tsanin karatu a Nijar

Karatun boko kamar tsani ne. A Nijar matakin farko shi ne lakwal, wadda ake kira firamare. Tana da aji 6: CI, CP, CE1, CE2, CM1 da CM2. Mataki na biyu shi ne kwaleji. Ana yin shekara 4 a cikinta, sannan a yi jarrabawar BEPC. Mataki na uku shi ne lise, shekara 3, wadda ke ƙarewa da jarrabawar bak. Kwaleji da lise su ake haɗawa a kira sakandare.

Malamin lakwal, da malamin asibiti, da ungozoma mai takarda, da malamin gona, duka ta ƙofar kwaleji suka bi. Garin da yaransa ba su tsallake ta, kullum sai dai ya jira a turo masa ma'aikaci daga wani wuri.

Yadda ake lissafi

Ƙasashe ba yawansu ɗaya ba. Wata tana da mutane miliyan 5, wata miliyan 200. Don haka ba a gwada su da yawan yara kai tsaye. Ana tambaya ne: cikin yara 100 da ke ajin ƙarshe na firamare bara, nawa suka shiga ajin farko na sakandare bana? Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ita ke tattara irin wannan lissafi daga gwamnatocin duniya.

Ga misali da garuruwa biyu. Misali ne kawai don koyon lissafi.

A gari na farko, yara 40 ke CM2 bara. Bana 30 daga cikinsu sun shiga kwaleji. Ana ninka 30 sau 100, a samu 3000. A raba 3000 gida 40, a samu 75. Wato 75 cikin 100 sun wuce.

A gari na biyu, yara 20 ke CM2. 18 sun shiga kwaleji. 18 sau 100 ya ba da 1800. A raba gida 20, a samu 90. Wato 90 cikin 100 sun wuce.

Wanda ya dubi wannan da sauri zai ce gari na biyu ya fi. Amma a dakata. A gari na farko, yaran da aka haifa a wannan tsara duka su 50 ne. 30 cikin 50 suna kwaleji, wato 60 cikin 100. A gari na biyu yaran tsarar su 100 ne. Da yawa ba a sa su lakwal ba, wasu kuma sun fita tun daga CE1 ko CE2. Cikin 100 ɗin nan, 18 kaɗai ke kwaleji. Ashe gari na farko ne ke gaba da nisa.

Manomi ya san wannan. Ba a yabon gona don damman da aka ɗaure duka sun isa rumbu. Sai an tambayi ramuka nawa aka shuka, nawa suka tsiro, nawa suka yi kai. Haka lissafin makaranta yake. Tambaya uku ake yi tare: yara nawa suka shiga lakwal, nawa suka kai ƙarshenta, nawa suka wuce kwaleji.

Akwai wani abin lura. Tsawon firamare ba ɗaya ba ne ko'ina. A Faransa shekara 5 ce. A Nijar, da Nijeriya, da Gana, shekara 6. A Tanzaniya an daɗe ana yin shekara 7. A Kenya a da shekara 8 ake yi. Yaron da ya gama firamare a tsohon tsarin Kenya ya riga ya yi shekara biyu fiye da ɗan CM2. Mai gwada ƙasashe sai ya riƙe wannan a zuciya.

Ƙasashen da kusan kowa ke wucewa

A Faransa, da Japan, da Koriya ta Kudu, yaron da ya gama firamare ya wuce sakandare ke nan. Babu mai tambayar ko zai je. Amma ba haka abin ya taso ba. A Faransa ma a da ƴaƴan talakawa da yawa a firamare suke tsayawa. A shekara ta 1959 aka yi dokar da ta ce tilas yaro ya yi karatu har ya kai shekara 16. A 1975 kuma aka yi dokar da ta mai da kwaleji iri ɗaya ga dukan yaran ƙasar. A ƙasar Sin, dokar 1986 ce ta wajabta karatun shekara 9.

Labarin Koriya ta Kudu ya fi cancanta a tsaya a kansa. Ƙasa ce ta gabashin Asiya. An yi mummunan yaƙi a cikinta daga 1950 zuwa 1953. Ta fito daga yaƙin cikin talauci, yawancin mutanenta manoman shinkafa ne. Da farko gwamnati ta sa ƙarfinta kan firamare, har kusan kowane yaro ya shiga. Amma akwai jarrabawa mai tsanani kafin shiga makarantar gaba. Masu kuɗi suna ɗaukar wa ƴaƴansu malamai a gida, ƴaƴan talakawa suna faɗuwa.

A 1969 aka soke wannan jarrabawa a Seoul, babban birnin ƙasar. Zuwa 1971 an soke ta ko'ina. Aka koma raba yara ga makarantun yankinsu ta hanyar ƙuri'a, aka kuma gina sababbin azuzuwa. A 1970 wajen yara 66 cikin 100 ke wucewa. A 1980 sun kai wajen 96 cikin 100. Daga 1985 aka fara mai da wannan mataki kyauta kuma tilas. Ba da birni aka fara ba. An fara da tsibirai da ƙauyukan da ke nesa, sannan aka bi sauran wurare har aka gama ƙasar duka a 2004.

Yaran Koriya na 1980 ba su fi na 1970 ƙwaƙwalwa ba. Ƙofa ce aka faɗaɗa.

Abin da wasu ƙasashen Afirka suka gwada

Tanzaniya ta yi fama da nisa. A zamanin shugaba Julius Nyerere an baza firamare cikin ƙauyuka, an yi yaƙi da jahilci sosai. Amma sakandare kaɗan ce, yara ƙalilan ke samun wuri. Daga 2004 aka fito da shirin gina sakandare a kowace ƙaramar gunduma. Mutanen gari suka ba da fili, suka buga tubali, suka yi aikin gayya. Gwamnati ta kawo kwano da malamai. Cikin ƴan shekaru yawan ɗaliban sakandare ya ninka sau da yawa. Daga 2016 aka daina karɓar kuɗin makaranta har ƙarshen shekara 4 na farkon sakandare.

Sai dai gini ya riga malamai zuwa. Azuzuwa sun cika, littattafai sun yi kaɗan. Ga shi kuma a firamare da harshen Suwahili ake koyarwa, a sakandare da Ingilishi. A jarrabawar aji huɗu na sakandare ta 2012, fiye da rabin ɗalibai suka faɗi. Wannan ya nuna buɗe ƙofa kaɗai bai isa ba. Sai an tanadi abin da yaro zai tarar a cikin ɗaki.

Yuganda da Kenya sun yi fama da kuɗi. Yuganda ta mai da firamare kyauta a 1997, ta fara shirin sakandare kyauta a 2007. Kenya ta mai da firamare kyauta a 2003. A 2008 gwamnati ta fara biyan kuɗin karatun sakandaren jeka ka dawo. A 2018 ta ɗauki niyyar cewa duk yaron da ya gama firamare sai ya wuce gaba, 100 cikin 100. Aka sa shugabannin unguwanni da ƙauyuka suna bi gida gida suna neman yaran da ba su je ba. Yara da yawa sun koma aji ta wannan hanya, ko da yake makarantu sun yi cunkoso.

Gana da Nijeriya sun bi wata hanya. Sun haɗa shekara 6 na firamare da shekara 3 na ƙaramar sakandare suka zama abu ɗaya, karatun tushe na shekara 9. A Gana babu jarrabawar ƙasa tsakanin matakan biyu, kuma sau da yawa makarantun biyu suna kusa da juna. Babbar jarrabawa sai a ƙarshen shekara ta 9. A 2017 Gana ta mai da babbar sakandare kyauta. Ɗalibai suka yi yawa har a 2018 aka raba su rukuni biyu, wasu na aji wasu na hutu.

A Nijeriya an ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta ce shekara 9 ɗin nan kyauta ne kuma tilas ne. Amma duk wanda ke cin kasuwar Jibiya ko Illela ya san yara da yawa a ƙauyukan Katsina, Sakkwato da Zamfara ba su cikin aji. Doka a takarda daban, yaro a kan benci daban.

Cikin ƙasashen da tsarin karatunsu ya yi kama da na Nijar, Senegal a 2004, Burkina Faso a 2007, da Kodibuwa a 2015 duka sun yi dokar karatun tilas daga shekara 6 zuwa 16. Kodibuwa ta kuma shiga gina ƙananan kwalejoji a karkara, don yaro ya yi karatu yana kwana gidan iyayensa.

Ina Nijar take?

Nijar ta taso daga nesa. Lokacin samun ƴancin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 ba. Kwaleji kuwa sai a manyan birane. Tun daga nan an gina dubban lakwal, kwalejoji kuma sun isa garuruwan karkara da yawa.

Duk da haka tafiya ta rage. A lissafin shekarun 2020 zuwa 2022, yaran da ke kai ƙarshen firamare rabi ne ko ɗan fiye da rabi. Waɗanda ke kai ƙarshen kwaleji kuwa ba su kai 20 cikin 100 ba. Wannan ya sa Nijar cikin ƙasashen da ke baya a duniya, tare da wasu maƙwabtanta na Sahel kamar Cadi da Mali. Yaran birni sun fi na ƙauye wucewa. Maza sun fi mata. Ɗiyar talaka ta ƙauye ita ce ta fi kowa tsayawa.

Abu huɗu ne suka fi tare hanya.

Na farko, nisa. Lakwal tana cikin gari, amma kwaleji tana iya zama kilomita 10 ko 20 ko fiye. Yaro ɗan shekara 12 ko 13 sai ya zauna gidan mai masauki. Wani mai masaukin yana riƙe shi kamar ɗansa. Wani kuma shi ma abincin gidansa bai isa ba. Ɗiya mace ta kan zama mai daka da ɗiban ruwa, ba ta da lokacin duba takarda. Iyaye da yawa suna tsoron abin da zai same ta a wani gari. Tsoron nan ba na banza ba ne.

Na biyu, kuɗi. Ko ba a biyan kuɗin karatu a makarantar gwamnati, akwai littattafan rubutu, da tufafi, da sabulu, da hatsin da za a kai wa mai masauki, da kuɗin mota. Ga kuma hannun da aka rasa a gona da kiwo. In damina ba ta yi kyau ba, ɗan kwaleji ne na farkon dawowa gida.

Na uku, auren wuri. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna cewa a Nijar mata 76 cikin 100 an yi musu aure kafin su cika shekara 18. Shekarun kwaleji su ne daidai shekarun da ake fara kawo goron tambaya.

Na huɗu, raunin karatu tun daga tushe. Akwai wani gwaji mai suna PASEC da ake yi wa yaran ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci. A 2014 yaran ajin ƙarshe na firamare a Nijar da suka iya karatu yadda ya kamata ba su kai 10 cikin 100 ba. A 2019 sun kai wajen 30 cikin 100. An samu ci gaba, amma har a lokacin yawancinsu ba su kai ba. Azuzuwan zana suna cikin dalili: ba a iya kafa su sai an gama girbi an samu kara, kuma da ruwan farko ya sauka karatu ya tsaya. Yaron da ya shiga kwaleji bai iya karanta shafi ɗaya ba, ajin farko ko na biyu ake korar shi. Ya tsallake ƙofa, amma bai zauna ɗaki ba.

Ban da waɗannan, rashin tsaro ya rufe makarantu da dama, musamman a jihar Tilaberi, da wasu sassan Diffa, Tawa da Maraɗi.

Hukuma ta ɗauki wasu matakai. A watan Disamba na 2017 an sa hannu kan dokar da ta ce a kare ɗiya mace ɗaliba, a tallafa mata ta ci gaba da karatu har ta kai shekara 16. A 2021 aka fara buɗe gidajen kwana na ɗalibai mata kusa da kwalejojin karkara, kamar na Kelle cikin jihar Damagaram. Nijar kuma tana cikin ƙasashen da suka yi alkawari a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2015 cewa kafin 2030 kowane yaro, mace da namiji, zai gama firamare da sakandare kyauta.

Abin da gari zai iya yi

Gina kwaleji da turo malamai aikin gwamnati ne. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai abin da mutanen gari ke iyawa ba tare da jiran kowa ba.

Su fara da ƙidaya. Mai gari, da daraktan lakwal, da kwamitin iyayen yara su zauna da littafin sunaye. Su duba yaran CM2 na bara ɗaya bayan ɗaya: wane yana ina, wance tana ina. Maza daban, mata daban. Wanda ya koyi karatu da lissafi a cibiyar yaƙi da jahilci yana iya riƙe wannan littafi.

Su nemi takardar haihuwa tun da wuri. Ana tambayar ta wajen shirya takardun jarrabawa. Kada a bari sai yaro ya kai CM2 sannan a shiga gudu tsakanin ofishin magajin gari da kotu.

Su zaɓi mai masauki da kansu. Uba ya taka ya ga ɗakin da ɗansa zai kwana. Uwa ta san matar gidan da ɗiyarta za ta zauna. A riƙa leƙa su ranar kasuwa. Iyayen gari ɗaya suna iya haɗuwa su kama ɗaki guda, su sa wata dattijuwa amintacciya ta zauna da ƴan matan.

Su ware hatsin ɗalibai tun a kaka. In kowane gida ya ba da tiya ɗaya ko biyu aka ajiye a rumbun gari, yaron da abincinsa ya yanke a bazara ba zai baro aji ba. In kwalejin ba ta da nisa sosai, keke ɗaya yana kai yara biyu.

Su tattauna maganar aure a fili, da liman, da dattawa, da iyaye mata. Mata da yawa sun fi son mace ta duba su a asibiti, ta karɓi haihuwarsu. Wannan ungozomar ɗiyar wani ce da aka bari ta gama kwaleji. Garin da ke son a turo masa ɗiyar wani, ya kamata shi ma ya bar tasa ta yi karatu.

Su kuma tambayi yaro ya karanta musu. Uban da ya iya karatun Hausa yana iya zaunar da ɗansa na CE2, ya sa shi ya karanta layi biyu ya faɗi ma'anarsu. In ya kasa, a je a ga malami tun da sauran lokaci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin riƙewa

Ƙasashen da yaransu ke wucewa sakandare ba a haife su haka ba. Koriya ta cire jarrabawar da ke tare hanya, ta fara kyauta da ƙauyukan nesa. Tanzaniya ta kawo makaranta kusa. Kenya da Yuganda sun rage kuɗi. Gana ta haɗa matakai biyu suka zama ɗaya. Kowace ta gamu da wahalarta, musamman ƙarancin malamai da cunkoso. Amma duka sun fara da sanin yara nawa ne ke tsayawa, da dalilin tsayawarsu.

Aikin lissafi

1. A wata lakwal yara 50 ke CM2. 35 sun shiga kwaleji. Nawa ne cikin 100?
2. Cikin yara 50 ɗin nan, maza 30 ne, mata 20. Maza 27 sun wuce, mata 8 sun wuce. A lissafa na maza cikin 100, a lissafa na mata. Mi aka gani?
3. A Koriya ta Kudu yara 66 cikin 100 ke wucewa a 1970, 96 a 1980. Nawa aka ƙaru cikin shekara 10?

Tambayoyin tattaunawa a cibiya

1. Kilomita nawa ne daga garin nan zuwa kwaleji mafi kusa?
2. Yaran garin nan nawa suka shiga kwaleji bana? Mata nawa ne a cikinsu?
3. Cikin nisa, kuɗi, aure da raunin karatu, wanne ya fi tare yaran garin nan?
4. Wane aiki ɗaya ne mutanen gari za su iya farawa kafin kaka mai zuwa, kuma wa zai riƙe shi?